Bizar Arewacin Saifurus ba ta kai mutum Turai

Na gaji da jin wannan magana a majalisu: "Abokina yana karatu a Saifurus, zan je masa hutu, daga can sai in leƙa Jamus." Wasu har fili sun sayar kan wannan lissafi, don kawai wani ejan ya ce musu ai tsibirin na Turai ne, da an sauka shi ke nan. Haba jama'a! A riƙa tambaya mana kafin a kwance bakin jaka.

Saifurus tsibiri ne a Bahar Rum, kudu da Turkiyya, kuma tun 1974 ya rabu biyu. Kudu ita ce Jamhuriyar Saifurus da duniya ta sani, wadda ta shiga Tarayyar Turai a 2004. Arewa kuwa, inda yaranmu suka cika jami'o'in Nikosiya da Girne da Famagusta, ta ayyana kanta ƙasa a 1983, kuma Turkiyya kaɗai ta amince da ita. Kuɗin da ake kashewa can lirar Turkiyya ce. Jirgin da zai sauke ka a filin Ercan sai ya bi ta Turkiyya tukuna.

To ta ina bizar wannan yanki za ta buɗe maka ƙofar Jamus? Ko kudancin tsibirin ba ta shigar da kai. Tsakanin ɓangarorin akwai shingen da sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya ke gadi, mai tsawon kusan kilomita 180, wanda ya ratsa tsakiyar birnin Nikosiya. Gaskiya ne an buɗe mashigai tun 2003, amma gwamnatin kudu tana ɗaukar shigowa ta Ercan a matsayin haramtacciyar shiga, don haka mai fasfon Najeriya kada ya sa rai za a ce masa bismilla. Ita kanta kudun ta yi shekara 20 cikin Tarayyar ba tare da bizarta ta kai kowa Faransa ba. Masu tsallakawa ta ɓarauniyar hanya kuwa, da yawansu sansanin masu neman mafaka na Pournara suke ƙarewa. Wannan ne hutun? Ko a 2020 sai da Abike Dabiri-Erewa, shugabar hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙetare, ta gargaɗi iyaye kan tura yara arewacin tsibirin.

Ban ce kada a je ba. Zumunci a ƙafa yake, kuma akwai abin kallo. A Famagusta akwai masallacin Lala Mustafa Pasha, tsohuwar majami'a da Turkawan daular Usmaniyya suka mayar masallaci bayan sun ci garin a 1571. A ganuwar Girne an adana wani jirgin ruwa da ya nutse fiye da shekara 2,000 da suka wuce. A Karpaz jakunan daji ne ke tare hanya, su zura kai ta tagar mota suna neman karas. Amma mai niyyar ziyartar kabarin sahabiya Ummu Haram bint Milhan, Allah ya ƙara mata yarda, ya sani a kudu yake, kusa da Larnaka. Bizar kudu zai nema, ya sauka a can.

Saboda haka, ɗan'uwa, ka karɓi biza tun kana gida, domin gayyatar aboki ba biza ba ce. Ka bincika ko kana buƙatar ta ratsa Turkiyya. Ka yanki tikitin zuwa da dawowa. Ka tafi da guzurinka, abokin nan ɗalibi ne, da kyar yake biyan haya, kada ka zame masa kaya. Kada ka karɓi saƙon da ba a buɗe a gabanka ba, ko na wane ne. In za ka yi hayar mota, a hannun hagu ake tuƙi, saɓanin namu. Gidajen caca sun yi yawa a Girne, ka ji tsoron Allah ka kama kanka. Sannan ka fita kafin kwanakinka su cika, don tara ake ci.

Mai son ganin Jamus kuma, ofishin jakadancinta na nan a Najeriya. Ya je can ya nema.