Yadda masana ke tantance faɗa-wutan da ke haifar tsutsar zangarniyar gero

Manomin gero a Maraɗi ko Damagaram ya san ɓarnar: zangarniya ta fito lafiya, sai a ga sawun tsutsa ya nannaɗe ta, tsaba ta ƙi cika. Uwar wannan tsutsa wani ƙaramin faɗa-wuta ne mai launin ƙasa-ƙasa, daga dangin Noctuidae. Nau'o'in dangin sun haura 11,000, kuma da yawansu sun yi kama da juna ƙwarai.

Shi ya sa masani ba ya dogara da launi. Yakan kafa tarkon fitila da dare, ya kama ƙwaron, ya baza fukafukansa ya busar. Zanen fiffike yana rage zato kawai, domin ƙurar da ke kansa tana gogewa, kuma 'yan nau'i ɗaya ma sukan bambanta. Ainihin shaida tana can ƙarshen ciki. Ana cire cikin, a jiƙa shi a sinadari har naman ya narke, sannan a duba gaɓoɓin haihuwa ta madubin ƙara girma. Siffarsu ta keɓanta ga kowane nau'i, kamar makulli da kwaɗonsa. Daga nan a gwada da samfurin asali da ke ajiye a gidan tarihin halittu, wanda aka rataya wa sunan tun farko. A yau ana ƙarawa da karanta wani guntun ƙwayar gado mai haruffa kusan 650.

A 1925 masanin Faransa Joseph de Joannis ya bayyana wannan ƙwaro ƙarƙashin rukunin Raghuva. Ba a kula da shi sosai ba sai bayan farin shekarun 1970, da ya addabi gonakin Sahel. A 1987 masani Marcus Matthews ya sake bitar nau'o'in Afirka masu kusanci da shi, aka tsayar da sunan Heliocheilus albipunctella. Namijinsa yana da wani sashe na daban a fiffiken gaba, yana kuma yin ƙugi idan yana shawagin neman mace.

Wasu na ɗaukar wannan aiki wahalar banza, ni kuwa ina ganin shi ne tushen magani. Wannan nau'i sau ɗaya yake haihuwa a shekara, yana kwana cikin ƙasa duk rani. Ɗan'uwansa Helicoverpa armigera kuwa yana haihuwa sau da yawa, yana cin auduga da tumatir. Wanda ya rikita su zai ɓata kuɗi da lokaci. Sanin lokacin fitowar tsutsar ne ya sa manoman Nijar ke sakin wani ɗan ƙwaro mai suna Habrobracon hebetor, mai kashe ta, daidai sa'ad da take kan zangarniya.