Kai iyali Faransa: albashin nawa ake buƙata daga mai ɗaukar nauyi?

A Yamai akwai gidaje da dama da maigida yake Faransa yana aiki, matarsa da yara suna nan suna jiran ranar da za su bi shi. Abin da ya fi tsayar da irin wannan tafiya shi ne sharaɗin kuɗin shiga, wanda dokar Faransa ta ɗora a kan wanda yake can. Tsarin da ake bi shi ne wanda ake kira "regroupement familial", wato haɗa iyali, kuma ana ajiye takardun neman ne a hukumar OFII mai kula da baƙi, ba a Yamai ba.

Kafin a zo maganar kuɗi, dole mai nema ya kasance ya yi aƙalla wata 18 yana zaune a Faransa bisa ƙa'ida, da takardar zama ta shekara ɗaya ko fiye. Majalisar dokokin ƙasar ta so ta mayar da wa'adin wata 24 a dokar shige da fice ta ƙarshen 2023, amma kotun tsarin mulki ta soke wannan sashe a ranar 25 ga Janairun 2024. Waɗanda za a iya kawowa su ne matar aure da ta kai shekara 18 da ƴaƴan da ba su kai 18 ba. Mai mata biyu, ɗaya kawai doka ta yarda ya zauna da ita a can. Uwa, ƙane ko ɗan ɗan'uwa ba sa cikin wannan tsari.

Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne albashi mafi ƙanƙanta na Faransa, wato SMIC. A watan Nuwamban 2024 ya kai yuro 1,801.80 a wata kafin a cire kuɗaɗen da ake yankewa, kwatankwacin sefa miliyan 1 da jika 182, tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne. Ana ƙara shi lokaci zuwa lokaci, don haka sai a duba adadin shekarar da za a ajiye takardu. Iyali mai mutum 2 ko 3 ana neman SMIC ɗaya. Mutum 4 ko 5 ana ƙara kashi 10 cikin 100, 6 ko fiye kuma kashi 20. A lissafin har da shi mai neman. Magidanci mai mata da yara biyu ya zama mutum 4 ke nan, a bisa adadin Nuwamban 2024 sai ya nuna kusan yuro 1,982, wajen sefa miliyan 1 da jika 300.

A kunnen mazaunin Yamai, inda albashi mafi ƙanƙanta yake jika 42 tun farkon 2024, wannan kuɗi ne mai yawa, shi ya sa dangi sukan ɗauka cewa duk wanda yake aiki a Turai ya wuce wurin. Ba haka abin yake ba. SMIC na wata ana lissafa shi ne a kan awa 35 a mako. Ƴan Nijar da yawa a can suna aikin gadi, shara, wanke-wanke a gidajen abinci ko ɗaukar kaya a rumbuna, wani lokaci awa 20 ko 25 kawai a mako, ko kuma kwantaragin ƴan watanni. Irin wannan mutum yana iya turo kuɗin cefane kowane wata ba fashi, amma takardun albashinsa ba su kai ma'aunin ba.

Kuma ba albashin watan da ya gabata kaɗai ake dubawa ba. Ana tattara na wata 12 kafin ranar ajiye takardu, a raba, a ga matsakaicin. Misali, wanda ya yi wata 9 yana karɓar yuro 2,000 sannan ya zauna wata 3 babu komai, matsakaicinsa yuro 1,500 ne, ya faɗi ƙasa da layi duk da cewa albashinsa ya fi SMIC. Da ya jira ya cika shekara a kan aikin, da lissafin ya canza. Gaggawar ajiye takardu, sau da yawa saboda matsin lamba daga gida, tana cikin abubuwan da suke jawo a ƙi.

Akwai kuɗaɗen da ba a ƙirgawa ko da suna shiga asusu kowane wata: tallafin yara da gwamnati take biya, tallafin RSA na marasa ƙarfi, da tallafin tsofaffi na ASPA. Aikin da ake biya hannu da hannu ba takarda, shi ma tamkar babu shi ne. Dabarar da wasu suke yi ta aron kuɗi a zuba a banki kafin a fitar da takardar asusu ba ta da amfani a nan, don abin da ake nema shi ne kuɗin shiga mai ɗorewa, wanda kwantaragin aiki, takardun albashi da takardar haraji suke tabbatarwa. Wani ɗan'uwa mai hali ma ba zai iya tsayawa a madadin mai nema ba. Kuɗin matar ne kawai ake iya haɗawa da na mijin, idan zai ci gaba da shigowa bayan ta bar Nijar. An ɗauke sharaɗin ga masu karɓar tallafin naƙasa na AAH. Wanda ya samu zama ɗan ƙasar Faransa da wanda aka ba mafaka kuwa, hanyarsu daban ce, kuma ba a tambayar su albashi.

Gida ma yana da nasa ma'auni. A Paris da kewayenta ana neman murabba'in mita 22 ga mata da miji, a ƙara 10 ga kowane yaro, wato 42 ga iyalin da aka ba da misali da shi. Magajin garin da mai nema yake zaune yana da wata 2 ya bincika gidan da kuɗin ya ba da ra'ayinsa, sannan prefe ya yanke hukunci cikin wata 6. Idan wa'adin ya wuce shiru, a doka an ƙi ke nan, kuma mutum yana da wata 2 ya ɗaukaka ƙara.

Rabon aikin da ya rage wa iyali a Yamai shi ne takardu. Auren da aka ɗaura a masallaci ko a ƙofar gida ba a kai shi ofishin rajista ba, hukumomin Faransa ba su san da shi ba. Yaron da ba a yi wa takardar haihuwa a kan lokaci ba sai an nemo masa hukuncin kotu da zai maye gurbinta, kuma ana bin irin waɗannan takardu da bincike sosai. Bambancin harafi ɗaya a suna tsakanin fasfo da takardar haihuwa yana iya cin watanni.

Ko bayan prefe ya amince, sauran biza. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai yana rufe tun ranar 2 ga Janairun 2024, bayan tsamin dangantaka da ya biyo juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kuma Paris ta ce ofisoshinta na ƙasashen yankin ne za su riƙa yin aikin. Kuɗin mota ko jirgi, masauki da abincin mace da yara na kwanakin jira a wata ƙasa, duk suna kan mai ɗaukar nauyi, kuma babu ko ɗaya da yake cikin lissafin da OFII take yi.