Yangambi: Wa Zai Hau Hasumiyar Bayan Baƙi Sun Koma Gida?

In ka tashi daga Kisangani a kwalekwale mai inji, ka bi Kogin Kwango wajen kilomita 100 zuwa yamma, za ka iske Yangambi. Gari ne da kurmi ya kewaye, mai tsofaffin gidajen jan bulo na zamanin mulkin Beljiyam. A tsakiyar kurmin akwai wata hasumiyar ƙarfe mai tsawon mita 55, wadda ta leƙa saman itatuwa. An kafa ta a 2020 tare da Jami'ar Gent, kuma ita ce ta farko irinta a duk kurmin Kwango.

Aikinta auna numfashin daji. Na'urorin da ke ƙolinta suna bin iskar da ke hawa da wadda ke sauka, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, suna lissafa iskar kabon da tururin ruwan da ke cikinta. Da rana ganyaye na zuƙar kabon, da dare kurmin na fitar da shi. Idan aka tara lissafin na shekaru, sai a gane ko dajin na rage wa duniya zafi ne ko ya fara gajiya. Wannan kurmi shi ne na biyu a girma bayan Amazon, kuma wani bincike da aka wallafa a mujallar Nature a 2020 ya nuna ƙarfin zuƙar kabon na Amazon ya daɗe yana raguwa, na Afirka kuma ya kama hanya.

Amma ni ba ƙarfen ne ya dame ni ba. Wanda zai hau shi nake tunani.

Yangambi ta taɓa ganin irin wannan rana. A 1933 Beljiyam ta kafa cibiyar binciken noma ta INEAC, wadda ta yi suna a duniya. A nan ne, farkon shekarun 1940, aka gano yadda kwakwar manja ke gadon kaurin ɓawo, ilimin da ya ba da damar yaɗa irin tenera da manyan gonakin manja ke shukawa har yau. Ma'aikata 'yan ƙasa sun yi shekaru suna zagaya daji, suna duba itace bayan itace, ana rubutawa da hannu ranar da ya yi fure da ranar da ya zubar da ganye. Su suka san dajin, amma ba a ba su ilimi mai zurfi ba. Ranar samun 'yanci a 1960, 'yan Kwango masu digiri ba su kai talatin ba a duk faɗin ƙasar. Turawa suka kwashe kayansu, cibiyar ta shiga halin ni 'yasu. Daga baya yaƙe-yaƙe suka ƙara dagula lamarin, har sojojin Ruwanda da Yuganda suka gwabza a cikin Kisangani a 2000.

Abin da ya tsira, sadaukarwar ma'aikata ce ta tsirar da shi. Ma'ajiyar busassun tsirrai ta Yangambi tana ɗauke da samfuri kusan 150,000, kowanne manne a takarda da sunansa da wurin da aka tsinko shi. A ƙasa mai danshi da gara, wannan ba ƙaramin riƙon amana ba ne.

Shi ya sa nake ganin kuɗin da Tarayyar Turai ta zuba ta hannun cibiyar CIFOR don horar da ɗaliban gandun daji a Jami'ar Kisangani ya fi hasumiyar daraja. Haka ɗakin nazarin katako da aka buɗe a Yangambi a 2019, inda ɗalibi zai yanka siririn ɓallin itace ya duba a madubin ƙara girma, ba sai an aika samfurin Turai ba. Kuma ba masu digirin digirgir kaɗai ake buƙata ba. Ana buƙatar mai gyaran batir da farantin sola, da mai awon ƙasa, da malamin gona.

Malamin gonan ma ya fi gaggawa. Ba mugunta ke sa mutanen yankin sare daji ba. Manomi na yin sassabe ya ƙone ya shuka rogo, ƙasar ta gaji bayan 'yan shekaru, ya matsa gaba. Kisangani kuma da gawayi take girki, wanda suke kira makala, ana kai mata shi buhu-buhu a kan keke da kwalekwale. UNESCO ta sa Yangambi cikin dazuzzukan da ake karewa tun shekarun 1970, amma takarda ba ta dafa abinci. Wanda zai nuna wa manomi yadda zai haɗa rogonsa da itatuwa masu saurin girma, ya samu gawayi daga gonarsa, dole ya zama yana jin Lingala ko Turumbu, kuma yana nan damina da rani.

Tallafin waje kuwa wa'adi gare shi, shekara huɗu ko biyar. Gwamnatin Kinshasa ce ya kamata ta ɗauki albashin waɗannan matasa tun yanzu, domin na'urar da ke saman hasumiyar tana buƙatar a goge ta a daidaita ta a kai a kai, kuma wanda aka horar ya rasa albashi, jirgin Kinshasa zai hau.