Sudan: Nau'o'in ɗinkin keke da aikin kowanne

A garuruwan Hausawa na Jazira da bakin Shuɗin Nilu, irin su Mai Wurno kusa da Sennar, keken ɗinki na ƙafa yana da amfani, saboda ba ya buƙatar lantarki. Sai dai tsohon keken ƙafa, Singer ko Butterfly, ɗinki iri ɗaya ya iya.

Wannan shi ne miƙaƙƙen ɗinki, inda zaren allura ke sarƙewa da na kwarkwaro a cikin yadi. Da shi ake haɗa jallabiya da wando, a yi wa bakin tob ɗin mata kalmasa. Tazarar milimita 2.5 ta ishi yadin auduga. Idan ɗinkin gwaji ne da za a warware, sai a buɗa ta zuwa milimita 4 ko 5.

Zigzag yana tafiya dama da hagu, shi ya sa yake miƙewa tare da yadi mai roba, inda miƙaƙƙen ɗinki kan tsinke. Da shi kuma ake ɗaure ramin maɓalli. Wibin, wanda ke da nasa keken daban, yana datse bakin yadi ya naɗe shi da zare don kada ya zare.

Telan da keken ƙafa kaɗai ya mallaka yana da dabara: ya ɗinka ta waje, ya rage bakin da almakashi, ya juya ya sake ɗinkawa ta ciki. Bakin yadin zai ɓuya, jallabiyar kuma ta jure wanki.