Ciyawar gaɓa ita ce garkuwar kogi da tabki

Idan a Yamai kake zaune, ruwan famfon da kake sha daga kogin Isa ake jawo shi, a tace shi a Gudel. Shinkafar Saga da kifin masunta duk albarkar wannan ruwa ce. Sai dai rairayi yana cike kogin sannu a hankali. Haka ma tabkunan gabashin birni, irin su Bangu Kire da Bangu Bi.

Daga ina rairayin yake zuwa?

Idan aka sare itatuwan tudu, aka nome gona har bakin ruwa, ruwan sama ba ya samun abin da zai tare shi. Sai ya kwashi ƙasa, ya bi ƙoramu kamar ta Kurtere, ya zuba ta cikin kogi. Da zurfi ya ragu, ruwa yakan yi saurin ƙafewa da rani, ya yi saurin malala da damina. Yamai ta ga duka biyun. A farin 1985 kogin ya daina gudu. A watan Satumba na 2020 ya kai mita 7, ya ci gidaje a Saga da Lamorde.

Mene ne amfanin tsiron gaɓa?

Saiwoyin burgu da jema da bagaruwa suna riƙe ƙasa. Ciyawa tana tace laka kafin ta shiga ruwa. A cikinta kifi yake ƙwai, tsuntsaye su yi sheƙa. Burgu kuma abincin dabbobi ne lokacin da kiwo ya yi wuya.

Me za ka iya yi?

1. Ka bar fili tsakanin gonarka da ruwa, kada ka nome shi.
2. Ka dasa jema da itatuwa a gaɓa, ka kare su daga awaki.
3. A kan tudu, ka haƙa ramukan rabin wata, ka jera duwatsu don rage gudun ruwa.
4. Kada ka zuba shara da leda a ƙoramar Gunti Yena, domin kogi take nufa.
5. Ku haɗu ku cire kainuwa, ku yi takin gona da ita.

Hukumar kula da kogin Isa ta ƙasashe 9, wadda aka kafa a 1980, a Yamai cibiyarta take. Amma tsaron gaɓa yana hannun wanda yake noma a bakinta. Rigakafi ya fi magani.