Neman Birkin Tsohon Babur: Awo Kafin Ciniki

A garuruwa irin su Wurma da Kurfi da Dutsin-Ma, ba wuya a shiga zauren wani dattijo a tarar da tsohon babur a jingine, ƙura ta lulluɓe shi. Galibi Honda ne ko Suzuki ko Yamaha ko Vespa, irin waɗanda malaman makaranta da malaman gona suka saya bayan an biya ƙarin albashin Udoji a 1975. Idan wani jika ya ƙudurta tayar da shi, ta kan inji yake farawa: a wanke kafireto, a sa sabon fulogi. Da an ji ƙara sai murna. Birki kuwa sai daga baya, in ma an tuna da shi, alhali shi ke riƙe da ran mahayi.

Kusan duk waɗannan babura birkin ganga gare su. A tsakiyar ƙafar babur akwai wani kwano na ƙarfe mai juyawa tare da taya, shi ne ganga. A cikinta akwai takalma biyu masu lanƙwasa kamar jinjirin wata, kowanne an manna masa wata fata mai kaushi. Idan aka taka birki, sai wani ɗan ƙarfe da ke tsakaninsu ya juya ya buɗa su, su goga jikin ganga. Da an saki, sifirin ya jawo su. Dabarar ta tsufa, domin tun 1902 Louis Renault na Faransa ya fito da ita. Birkin faifai bai bazu a babura ba sai bayan fitowar Honda CB750 a 1969, kuma ya daɗe bai iso ƙananan babura ba.

To, ina gudun yake tafiya idan babur ya tsaya? Ba ɓacewa yake yi ba, zafi yake komawa. Ɗalibai su ɗauki alƙalami. A ce babur da mahayi da kaya sun kai kilo 200, ana gudun kilomita 60 a awa, wato kimanin mita 16.7 a daƙiƙa. A ninka 16.7 sau kansa, a ninka da 200, a raba biyu: an sami kusan jul 28,000. Wannan zafi ya kusa tafasa ruwa mililita 100, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi fatar birki za ta sha shi. A gudun kilomita 30 kuwa jul 7,000 ne kawai. Ashe ninka gudu sau biyu ninka aikin birki ne sau huɗu.

Mai neman takalmi yakan fara da masu sayar da kayan babur na Dutsin-Ma, in bai dace ba ya bi ta Kurfi zuwa Katsina, ko ya aika kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Sababbin kaya kuma da yawansu ta Nnewi ta Jihar Anambra suke biyowa. Abu uku zai iya tararwa: takalmin da aka ciro daga mataccen babur, ko na asali da ya shekara talatin a kwali ba a taɓa ɗaura shi ba, ko sabo da aka yi wa wani babur dabam.

Na biyun nan shi mutane ke rububi, suna cewa kayan da sun fi aminci. A nan akwai gyara. Fatar da gam aka manna ta a kan takalmin alminiyam, shi kuwa gam yana tsufa ko ba a mora ba. Laimar damina takan kutsa tsakani, alminiyam ya yi farin tsatsa ya ɗaga fatar. A ido lafiya lau, amma ranar da zafi ya taɓa ta sai ta ɓalle, ta maƙale a cikin ganga, taya ta ƙame ana tsakiyar tafiya. A ganina sabon takalmi mai kyau da ya yi daidai ya fi tsohon na asali, komai kyan kwalinsa.

Samun wanda ya yi daidai bai kai wuyar da ake zato ba. Babura da dama na ƙasar Sin an ƙera su ne bisa fasalin na Japan, kamar Honda CG125 ta 1975 da Suzuki AX100, don haka wasu kayansu sukan shiga na da. Sai dai sunan da mai shago ya faɗa ba hujja ba ne. A tafi da tsohon takalmin, a kuma auna faɗin ganga da ma'aunin baniya, irin wanda ke ɗakin gwaje-gwajen makaranta. A ƙananan Honda masu siffar Super Cub, milimita 110 ne, kuma in ta cinye ta wuce 111 ta gama aiki. Wasu gangunan ma an buga iyakar a jikinsu. Fata in ta sauko milimita 2 sai canji. Dabarar nan ta cusa guntun gwangwani a bakin takalmi don birki ya ƙara kamawa, ɓoye ciwo ce kurum. In guntun ya zame, babu birki.

Akwai wani haɗarin da ba a gani. Yawancin fatun birki na wancan zamani da asbestos aka yi su, wani ma'adini mai zare-zare da ke jure zafi. Ƙurarsa in ta shiga huhu tana iya haddasa sankara, wadda kan ɗauki shekara 20 ko fiye kafin ta bayyana. Tarayyar Turai ta haramta shi ɗungurungum a 2005. Saboda haka kada yaron makanike ya hure ganga da baki ko da iskar famfo, kada kuma ya goge tsohuwar fata da sanfefa a bushe. A jiƙa tsumma a share, a ƙulle shi a leda.

Bayan an ɗaura sabon takalmi, tare da sababbin sifirin, saura gwaji, kuma kayan aikinsa na nan a kowane aji. A shafe fatar da alli, a mayar da ƙafa, a juya ta da hannu ana ɗan taɓa birki, sannan a sake buɗewa. Inda allin ya goge nan ne kawai fatar ke taɓa ganga. In gefe ɗaya ya goge ya bar saura fari fat, takalmin bai zauna ba tukuna, sai an daidaita shi kafin babur ya hau titi.