Yaro Ya Yi Karo Da Motar Gida: Wa Zai Biya Gyara?

Duk wanda ya san Garwa ya san yadda hanya take cinkushewa da yamma, tun daga gadar Binuwai har zuwa babbar kasuwa da unguwar Yelwa, ga 'yan acaɓa suna kutsawa ta kowane gefe, ga manyan motocin Sodecoton lokacin kakar auduga. A cikin wannan cinkoso ne samarinmu suke koyon tuƙi, yawanci da motar uba ko ta yaya, musamman ranakun Sallah da na kai amarya. Idan tsautsayi ya faɗa, bayan an gode wa Allah da ya tsare rai, abin da ake fara tambaya shi ne ko motar tana da inshora, wato abin da muke kira asiransi a nan. Da an ce tana da ita sai hankalin kowa ya kwanta. To amma sau da yawa wannan kwanciyar hankali ba ta wuce mako guda, domin takardar da akasarinmu muke saye ba ta gyara motar mai ita.

Tun shekarar 1965 doka ta tilasta wa masu motoci a Kamaru yin inshora. Dokar da ake aiki da ita yanzu kuwa ita ce ta CIMA, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar da ƙasashen Afirka masu amfani da kuɗin sefa suka sa wa hannu a Yawunde ran 10 ga Yuli 1992, ta kuma fara aiki a 1995. Sashe na 200 na wannan doka abu ɗaya ya wajabta, shi ne inshorar da za ta biya ɓarnar da motarka ta yi wa wani, a jikinsa ko a dukiyarsa. Ita ce mafi araha, ita ce jandarma yake nema a shingen hanyar Pitowa ko ta Ngong, saboda haka ita muke saye mu cusa a aljihun mota. Idan ɗanka ya bugi motar wani ta baya, kamfani zai gyara wa mutumin nan motarsa. Taka kuwa, da murfin injinta da ya lanƙwashe da lagiretonta da ya fashe, daga aljihunka za a gyara ta. Haka nan raunin da direban ya ji bai shiga cikin wannan inshora ta dole ba. Amma ƙannensa da ya ɗauko a baya, ko mahaifiyarsa da ke gefensa, doka ta ɗauke su tamkar bare, suna da haƙƙin a biya su, kuma iyalai da yawa ba su san da wannan ba, sai su biya kuɗin asibiti su yi shiru.

Mai son kamfani ya gyara tasa motar ko da laifinsa ne, sai ya sayi babbar inshora, wadda ake kira turiski, ita kuma tsadarta ta sa ba kasafai ake yi wa tsohuwar mota ita ba. Ko ita ɗin ma akwai wani kaso da aka rubuta a takarda wanda mai mota zai biya da kansa kafin kamfani ya ɗauki saura.

Inda maganar ta fi zafi shi ne batun lasin tuƙi, wato permi. Ba a ba da na ƙaramar mota sai yaro ya cika shekara 18, amma mun san gidaje nawa ne ɗan shekara 16 yake kai mata unguwa da sanin maigida. Doka ta yarda kamfani ya rubuta a takardarsa cewa ba ruwansa da haɗarin da wanda bai kai shekaru ba ko marar permi ya yi. Wannan sharaɗi ba ya hana wanda aka buge samun haƙƙinsa: kamfani zai biya shi, sa'an nan ya juyo ya nemi a mayar masa da kuɗinsa. Idan mutum ya karye ko ya rasu, kuɗin nan na iya cinye shago guda. Waɗansu iyaye sukan yi dabarar cewa ai yaron sace makulli ya yi ba da saninsu ba. Gaskiya ne dokar ta bambanta tsakanin wanda aka miƙa wa makulli da wanda ya ɗauka a ɓoye, sai dai kuma ta ba kamfani ikon bin wanda ya tuƙa motar ba da yardar mai ita ba. Ka ga ke nan an tsame uba an tura ɗa. Wata dabarar da ta fi wannan muni ita ce a ɗauko wan yaron mai permi a ce shi ne yake tuƙi. A garin da kowa ya san kowa, ga 'yan acaɓa ashirin da suka ga abin da idonsu, ƙaryar ba ta daɗewa, kuma idan ta tonu an rasa inshora an kuma jawo shari'a.

Sai batun sulhu. Mu mutane ne masu gudun ofis, balle ma mu da muke zaune cikin waɗansu ƙabilu muna kaffa-kaffa da sunanmu. Da an yi karo sai dattawa su taru, a kira mai unguwa ko liman, maigida ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, yaro ne, ni zan gyara," a janye motoci kafin kowa ya zo. Ba mu ƙi sulhu ba, kuma idan abin bai wuce fashewar fitila ba shi ne ya fi sauƙi. Amma mai karatu ya sani, kamfani yana da ikon ƙin amincewa da duk wani amsa laifi ko alkawarin biya da aka yi a bayan idonsa. Kai wanda ya ji rauni asibiti, ka biya masa maganin farko, wannan aikin mutunci ne kuma ba a ɗaukarsa amsa laifi. Alkawarin gyara mota a gaban shaidu kuwa bashi ne ka ɗaura wa wuyanka. Ga shi kuma mai yiwuwa laifin ba na yaron ba ne duka, domin akwai jadawalin da kamfanoni suke dubawa su raba laifi tsakanin direbobi, wani lokaci rabi da rabi. Sai dai a wajenmu da an ga saurayi a sitiyari an gama yanke hukunci.

Abin da ya kamata shi ne a bar motocin inda suke har a zo a yi konsta, 'yan sanda idan a cikin gari ne, jandarmomi idan a bayan gari ne, ko a kira ma'aikacin shari'a da ake ce wa wisiye idan ba wanda ya ji rauni. A ɗauki hoto da waya, a rubuta lambar ɗaya motar da sunan kamfanin inshorarta da lambar takardarta. Daga nan sai a sanar da kamfani a rubuce cikin kwana 5 na aiki, a kuma karɓo kwafin da aka buga wa hatimi. Faɗa wa dillalin da ya sayar maka da takarda a baki, ko a waya, ba sanarwa ba ce. A kuma duba ranar da takardar ta ƙare, domin tun gyaran da aka yi wa sashe na 13 a 2011, inshorar da ba a biya kuɗinta ba ba ta aiki, ko da an yi alkawarin kawo cikon gobe.

Kada kuma a yi gaggawar kai mota gareji. Kamfani yakan aiko gwaninsa ya duba ɓarnar ya ƙiyasta kuɗi, kuma idan ya tarar makaniki ya riga ya kwance ya buga ya shafa fenti, babu abin da zai rubuta. A nan ma akwai abin da yake ba mutane mamaki. Gwanin yana rage kuɗin kaya gwargwadon tsufan motar, kuma idan gyara ya fi darajar motar a kasuwa, darajar za a biya. Alal misali, a ce tsohuwar Toyota ce da ba za ta wuce sefa miliyan 1 a kasuwa ba, makaniki ya yanka miliyan 1 da rabi, to kada a sa rai da rabin nan. Dattawanmu suna tuna yadda karya darajar sefa a Janairun 1994 ta ninka farashin kayan mota da ake shigowa da su daga Turai cikin ɗan lokaci. Tun daga nan muka koma ga kayan gwanjo na Duwala da waɗanda ake kawowa ta Yola da Mubi. Suna da sauƙi, amma yawanci ba rasit, alhali kamfani ba ya sanin komai sai takarda. A nemi makaniki ya rubuta ƙiyasinsa dalla-dalla, a kuma ajiye rasit na kowane ƙarfe.

Mun san dalilin da ya sa jama'a suka yanke ƙauna. Kamfanonin gwamnati irin su AMACAM da SOCAR sun durƙushe an rufe su, kuma har yanzu jan ƙafa wajen biya bai ƙare ba, ga fayil yakan tafi hedkwata a Duwala ya kwana biyu. Duk da haka akwai inda ake kai ƙara: sashen kula da inshora na ma'aikatar kuɗi a Yawunde, da hukumar sa ido ta CIMA da ke Libarbil, wadda take da ikon ƙwace lasin kamfani. Akwai kuma wa'adi. Mai inshora yana da shekara 2 ya nemi haƙƙinsa daga kamfaninsa, wanda aka buge kuwa shekara 5 daga ranar haɗarin.

Wani abu kuma ga masu aiken yara da mota ƙetare. Ƙasashen CEMAC, har da Cadi, suna da katin inshora na bai ɗaya da ake kira kart roz, saboda haka mai tafiya Njamena ta Kusiri ya tabbata yana cikin takardunsa. Nijeriya ba ta cikin wannan tsari. Kafin yaro ya bi ta Gashiga ya nufi Yola, a tambayi kamfani ko takardar tana aiki a can, in ba ta yi a sayi ta bakin iyaka.